Abincin Farfesa a Ƙarƙashin Tanki

Akwai wani Farfesa Simukonda a garin Kitwe, mai koyar da injiniyoyi. Kafin ya zama malami ya daɗe yana aiki a ramin haƙar tagulla. Duk Asabar ɗalibai kan taru wajensa su yi aikin gayya. Sai dai yana da wani hali da ya ɗaure musu kai: duk abin da suka gina, a ƙarƙashinsa zai zauna ya ci abinci.

Wata ɗaliba, Towela, ta fi kowa son jin dalili. Da ta tambaye shi sai ya ce, "Inuwa nake bi, 'yata."

Ran nan suka gama ƙafafun ƙarfe na tankin ruwan ɗakin kwanan ɗalibai. Towela ce ta yi waldar ƙafa ɗaya. Ta ga waldar ta ɗan tsage, sai ta shafe da fenti ta yi gum, don tana tsoron a cire ta daga waɗanda Farfesa zai tura koyon aiki a ramin.

Aka cika tanki da ruwa. Farfesa ya ja kujera ƙarƙashi, ya buɗe kwanon nshima da kapenta, wato tuwon masara da ƙananan kifi, ya kira wani ɗalibi.

"Mapalo, zo mu ci mana."

"A'a Farfesa, yau azumi nake," in ji Mapalo, bakinsa duk maiƙo. Aka kwashe da dariya.

Ban da Towela. Ita ƙafar nan kawai take kallo, can sai ta ɗaga murya.

"Farfesa, don Allah ku tashi! Waldar nan ta tsage, ni na rufe da fenti!"

Tsohon ya zabura har kapentar ta kife. Ya sa aka zuƙe ruwan, ya kankare fentin, ya daɗe yana dubawa.

"A rami," ya ce, "wanda ya kafa turakun da ke riƙe rufi shi ke fara cin abinci a ƙarƙashinsu. Ga dalilin da kike nema."

Towela ta ce, "An cire ni ke nan?"

"Ɗauko injin walda. Wadda waldarta ta tsage zan iya koya mata. Wadda ta yi shiru ce ba na turawa ƙarƙashin ƙasa."

Darasi: Kuskuren da ka ɓoye ba ya tafiya ko'ina, yana nan rataye a kan wani. Faɗe shi tun da sauran gyara. Ku tura wa wani ya karanta.