Hannun da ke Rawa

Akwai wani matashi mai ɗaukar hoto, 'yan gidansu suna ce masa Ƙyas saboda ƙarar kyamararsa. Yana da ciwon damuwa, irin wanda ke hana mutum barci ya hana shi zama wuri ɗaya. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya samu sauƙi. Sai dai maganin yana sa hannunsa rawa.

Burinsa guda ne: ya baje kolin hotunan hannayen masu sana'a. Ya ɗauki na maƙeri, na mai wanki, na ungozoma. Amma wanke manyan hotuna da yi musu firam sai da kuɗi, shi kuwa aljihunsa iska ke kaɗawa.

Wata mai shagon ɗinki a layinsu ta ga hotunan a wayarsa. Ta ce, "Ka ɗauki sababbin ɗinkunana su fito tsaf, ni kuma in ɗauki nauyin baje kolinka."

Ya koma gida ya gwada ɗaukar labulen ɗakinsa. Hoton ya fito dishi-dishi. Ya sake, haka. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa taga, ya dawo. Ƙarshe ya jefa kwalbar maganin cikin durowa ya rufe.

Yayarsa ce ta fara lura. Ta ce, "Ƙyas, kana ta zagaye gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Kana shan maganinka kuwa?"

Ya ce, "Yaya, na warke. Dubi hannuna, ko motsi."

Ta ce, "Na ga hannu. Kan fa?"

Ya ci gaba da zagayensa.

Ranar aiki hannun bai yi rawa ba, gaskiya ne. Amma a shagon, ƙarar kekunan ɗinki ta cika masa kunne, fanka na juyawa kamar a cikin ƙirjinsa. Ya sa aka matsar da madubi, ya sa aka mayar. Ya ce fitila ta yi yawa, aka kashe, ya ce duhu. Ya daka wa yarinyar da ta sanya rigar da zai ɗauka tsawa har ta yi ƙwalla. Can sai ya rataya kyamara ya fice, ko riga ɗaya bai gama ba.

Mai shago ta aiko cewa ta fasa maganar baje kolin.

Yayarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki mayafinta ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Da likita ya ji labarin, ya ce, "Ai da ka faɗa mini. Rawar hannu ana iya rage ta." Ya gyara masa maganin.

Da ya dawo hayyacinsa, yayar ta ce ya je ya ba da haƙuri. Ya je bakin shagon ya juya, ya sake komawa ya juya. Daga baya dai ya shiga. Ya roƙi mai rigar gafara, sannan ya durƙusa gaban mai shago ya miƙa hannayensa, suna ɗan karkarwa.

Ya ce, "Mama, ga abin da na ɓoye miki. Ina da ciwon damuwa. Magani ke sa wannan, shi ne na daina sha don kada ki fasa."

Ta kalli hannayen. Ta ce, "Kai dai an yi sakarai. Kekena ma rawa yake yi, shi ya sa aka yi masa ƙafar ƙarfe."

Ta jawo tsohon teburin keke daga lungu, ta kaɗe ƙura, ta naɗe ƙyalle ta ɗora a kai. "Aza kyamarar nan. Hannunka ke rawa, ba ƙasa ba."

Ya aza, ya danna. Rigar ta fito har zaren ɗinkin ana gani.

Ba ta ɗauki nauyin duka ba, don ya riga ya jawo mata asara. Rabin hotunan ta biya aka wanke masa. Hoton da ya rataya a bakin ƙofar wurin baje kolin kuwa na hannunsa ne, dafe da teburin keken.

Darasi: Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ciwon damuwa ciwo ne, ba abin kunya ba, kuma ba a jefar da magani don a burge mai taimako. Abin da ya dame ka, faɗa wa likitanka. Ku tura wa yaranku, musamman masu cewa sun warke alhali ba wanda ya sallame su.