Injiniya da Ƙyallayen Gwaji

Akwai wani mai gyaran keken ɗinki a layin teloli, wanda kowa ke kira Injiniya. A layin nan na taso, kuma har yau idan na ji ƙanshin man keke sai na tuna bencinsa, da akwatin kayan aikinsa na ƙarfe mai shuɗin fenti, da yadda yake karkata kai idan ana taka keke.

Da kunne yake aiki. Kafin ya taɓa noti sai ya ce a taka ya ji, nan take ya faɗi inda matsalar take. Idan ya gama kuwa, ba ya miƙa keke sai ya ɗinka layi uku a ɗan ƙyalle, ya bar shi ƙarƙashin allura a matsayin shaida. Teloli kan zolaye shi, wai ko tari ka yi a gabansa sai ya ce mai ne ya ƙare maka.

Sai ciwo ya zo. Ya fara jin muryoyin mutanen da babu su, suna ce masa ya ɓata kayan jama'a. Likita ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake kira sikizofireniya. Yayarsa, wadda ita ma tela ce, ta ɗauke shi ya koma gidanta, ta tsare shan maganinsa da ranakun asibiti. Bayan shekara biyu muryoyin suka lafa, amma akwatin yana nan a rufe a bayan ƙofa.

Suna da ƙani, ma'aikacin ofis, mutum mai ji da kansa wanda komai sai an tsara a takarda. Kullum ya zo tambayarsa ɗaya ce: nan da wata shida ina Injiniya ya ga kansa? Shi kuwa bawan Allah yakan ce jiya tar yake ganinta, har launin zaren da ya sa wa wani keke shekara goma baya. Amma idan ya yi ƙoƙarin hango gobe, ba ya ganin komai, kamar bangon da aka shafa wa farin fenti.

Da ƙanin ya matsa masa, sai ya ce, "Kunnen da ya yi min ƙarya shekara biyu, ta yaya zan yarda da shi a kan keken mutane? Hannuna ya mutu."

Ƙanin ya ce to magana ta ƙare, nan da wata biyu zai kawo mai sayen akwatin. Injiniya ya gyaɗa kai. Yayar ce kaɗai hankalinta ya tashi, domin ta san ranar da akwatin nan ya fita daga gidan, ɗan'uwanta ba zai sake tashi daga kujerar nan ba.

Ba ta yi musu da kowa ba, ba ta kuma taɓa yi masa zancen gobe ba. Wata safiya kekenta ya fara tsallake ɗinki, sai ta ci gaba da takawa a gabansa kamar ba ta lura ba. Ta gefen ido ta ga kansa ya karkata.

"Yaya, allurar nan ta sauka da yawa," ya ce.

Ta tura masa akwatin da ƙafa. Ya gyara, ya ɗinka layinsa uku, sannan ya ce dace ne kawai. Ita dai ta ɗauki ƙyallen ta jefa a gwangwanin maɓallai.

Daga nan ta riƙa karɓo kekunan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaya masa sai keken ya iso. Kowanne ya gyara sai ya ce dace ne, ita kuma ta adana ƙyallen.

Ranar da aka sa, ƙanin ya zo da mai sayen akwatin, wani dattijo mai gyaran keken ɗinki. Ana buɗe akwatin, yayar ta juye gwangwanin a kan tebur. Ƙyallaye ashirin da bakwai ne. Dattijon ya ɗaga ɗaya wajen taga, ya juya bayansa, ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya tambayi wanda ya daidaita zaren. Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce dace ne.

"Shekara arba'in ina wannan aiki," in ji dattijon, "ban taɓa ganin dace ya zo sau ashirin da bakwai a jere ba."

Ya rufe akwatin ya tura wa Injiniya abinsa. Ya ce akwai wani keke da ya gagare shi tun bara, gobe zai kawo, ko Injiniya zai iya? Tambayar da yayar take gudu ke nan.

Injiniya ya daɗe yana shafa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Can ya ɗago.

"Baba, ni har yanzu ba na ganin gobe. Amma waɗannan na gan su. Ka kawo shi."

Ƙanin ne da kansa ya ɗauki akwatin a ka, da rigarsa ta ofis, ya kai shi bencin nan na da. Yau layin ya koma shagunan waya, teloli sun watse, wallahi ina kewar ƙarar kekunan nan. A aljihun keken mahaifiyata akwai ƙyalle mai layi uku, mun hana kowa yar da shi.

Darasi: Mai irin wannan ciwo yakan kasa hango gobensa, yakan kuma raina abin da zai iya. Kada ka dame shi da tambayar nan gaba, kada ka yanke masa hukunci da bakinsa na ranar rauni. Ka tsare masa magani, ka ba shi aikin yau, ka adana masa shaidar abin da ya yi. Ka tura wa wanda ke jinyar ɗan'uwansa, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.