Ka Ga Mini Maiturare?

Kalilu direba ne a gidan Alhaji Sada, wani ɗan kasuwar hatsi a birnin Daura. Mutum ne mai amana, ko allurar wani ba ya ɗauka. Aibinsa ɗaya: girman kai. Ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya buɗe baki ya nemi taimako.

Mahaifiyarsa, Inna Laraba, tana can garin Babban Mutum tare da ƙanwarsa Rahmatu. Da yake sunan surukinta aka sa masa, bakinta bai taɓa furta "Kalilu" ba. Maiturare take ce masa, don sana'ar marigayin ke nan, kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa haka.

Shekaru kaɗan bayan ƙaddamar da Shari'a, mahaifiyar Alhaji ta kamu da ciwon mantuwa. Nan da nan aka kai Hajiya Kano wajen babban likita. Tun daga ranar, duk wata Kalilu ke zuwa karɓo maganinta, 'yan ƙwayoyi a farar leda, ya ajiye a kujerar gaba. Maganin ba ya warkarwa, amma ya riƙe Hajiya. Tana gane jikokinta, har tana tsokanarsu.

Da damina ta faɗi, Kalilu ya je gida, sai Rahmatu ta ja shi gefe. Ta ce Inna ta zuba gishiri a fura, ta yi sallar Azahar sau uku, shekaranjiya kuma ta tafi gona ta kasa gane hanyar dawowa. Maƙwabta sun ce tsufa ne, wasu sun ce iska. A ɗakin shan magani kuwa na ciwon kai aka ba su. Kalilu kuwa ya san ciwon nan sarai.

Rahmatu ta ce, "Yaya, ka yi wa Alhaji magana mana. Ko hanyar likitan ya nuna mana."

Ya ce, "Ni? In je in tsugunna in ce uwata ta rikice? Gobe a ce uwar direba ta haukace? Allah ya sawwaƙe! Bari in tara, da kaina zan kai ta."

To, tara me? Albashin direba ai ruwa ne a kwando. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kullum aka zo wajen Kazaure sai ya dubi ledar nan, ya tuna Inna, idonsa ya ciko. Wallahi yana sonta, yana kewar muryarta kamar me. Amma da ya shiga gida sai ya miƙa ledar ya ce, "Ga saƙo, ranka ya daɗe," ya juya abinsa.

Ranar wata Juma'a ya je gaishe ta. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Daga ina?"

A ranar girman kan ya karye. Ya koma Daura ya durƙusa gaban Alhaji yana hawaye.

Alhaji ya ce, "Haba Kalilu! Shekara biyu kana ɗauko wa uwata magani, taka tana can kwance? Ni ma da laifina, ban taɓa tambayarka ba. Gobe ka ɗauki mota."

Likitan ya daɗe yana duba ta. Sannan ya ce, "Da tun farko kuka zo, da mun sa rai ta daɗe tana gane ku. Maganin nan rage gudun ciwon yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi."

A hanyar dawowa Inna na zaune a kujerar gaba, daidai inda ledar Hajiya ke zama. Can sai ta juyo ta ce, "Malam direba, kai ma a Daura kake aiki? Don Allah ka ga mini Maiturare? Ɗana ne. Ka ce masa ina marmarin ganinsa."

Kalilu ya tsayar da mota a gefen hanya. Ya ce, "Inna, ni ne. Ni ne Maiturare."

Ta yi murmushi ta girgiza kai. "A'a, ɗan nan. Ai Maiturare da ya ji ba ni da lafiya, da tuni ya zo ya kai ni asibiti."

Ta rayu shekara uku bayan haka. Duk Juma'a yana zuwa ya zauna gabanta, duk Juma'a tana ba shi wannan saƙon.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai ɓoye ciwo ba ya samun magani, kuma neman taimako don iyaye ba ƙasƙanci ba ne. Ciwon mantuwa ciwo ne kamar kowane, ba abin kunya ba, kuma ba ya jiran kowa ya tara. Masu hali da masu mulki su ma su ji: bai kamata maganin da ya isa ɗakin Hajiya ya kasa isa ɗakin Inna Laraba ba. Ku riƙa tambayar na ƙasa da ku lafiyar iyayensu. Kai kuma mai uwa a raye, yi abin da za ka yi tun tana iya kiran sunanka.