Gajimaren Malam Lurwanu

An yi wani mutum a wani gari, bawan Allah, ana ce masa Malam Lurwanu. Ba zamanin kakanni ba ne, zamanin kwamfuta ne, don haka kada wani ya ce mini mutanen da ne kawai ke iya wannan. Ku saurara. Kai mai danna waya a bayan ginshiƙi, da kai nake.

Sana'arsa zane, amma ba na fure ba. Idan za a gina masana'anta, shi ne ke zama gaban kwamfuta ya zana hanyar kowane bututu: inda ya taso, inda ya nufa, inda za a sa bawul, wato abin da ake murɗawa a buɗe bututu ko a rufe, da inda za a kafa ma'aunin zafi. Injiniya ya sa hannu, a buga a takarda, masu walda su bi layinsa kamar yadda muke bin liman. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da zane ba. Har an gama magana, ƙarshen wata za a naɗa shi shugaban ɗakin zane.

Sai aka kawo aikin wata masana'antar shinkafa mai babbar tukunyar tururi. Irin wannan tukunya, jama'a, tana da wani bawul a ka wanda ke buɗe kansa ya saki tururi idan ya yi yawa. Ƙa'ida ita ce ba a sa komai tsakaninsa da tukunya, don in aka toshe masa hanya, tukunya sai ta fashe.

Malam Lurwanu ya gama zane, Injiniya Tasi'u, babban injiniyan kamfanin, ya sa hannu, aka buga kwafi shida aka raba. Bayan kwana tara, da hantsi, ya buɗe zanen don neman wata lamba, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan alama. Inna lillahi! Bawul na hannu, zaune daram tsakanin tukunya da bawul ɗin nan na ka. Ashe ranar da yake sauri ya kwafo wani yanki daga tsohon zanen bututun ruwa, bawul ɗin ya biyo shi bai lura ba. Duk ranar da wani ma'aikaci ya murɗa shi ya manta, shi ke nan.

To, masu wannan sana'a suna da al'ada. Zanen da ya riga ya fita ba a gyara shi a ɓoye. Sai ka kewaye wurin gyaran da wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, su suna ce masa gajimare, sannan a kusurwar takarda ka rubuta abin da aka gyara da sunan wanda ya yi. Kowa ya buɗe, gajimaren zai fara gani.

Abokin zamansa, Barau, ya leƙo ya gani, ya sassauta murya.

“Malam, kwamfuta ce fa, ba fensir ba. Danna ɗaya ya ɓace, babu ko tabo. Ka kira mai walda a waya, ka ce ya tsallake wurin. Wa zai sani?”

Malam Lurwanu ya ce, “Takardu shida fa da ke hannun mutane?”

“Wa ke karanta su? Saura kwana goma a naɗa ka. Kada ka zubar da shekara goma sha ɗaya.”

Kada ku zagi Barau, ƙauna ce ta sa shi, kuma da yawanmu a nan shawarar da za mu bayar ke nan. Shi ma Malam Lurwanu yana son kujerar nan, wallahi yana so, har ya faɗa wa maiɗakinsa ta yi guɗa. Duk da haka ya ɗauke hannunsa daga linzamin kwamfuta. Sannan ya ce, “Barau, takarda ta fi ni tsawon rai. Bayan shekara goma wani zai zo gyara, ya ciro ta daga durowa ya bi ta. Ranar ni ina ina?”

Ya zana gajimare, ya rubuta sunansa a kusurwa, ya buga, ya kai ofishin Injiniya Tasi'u da ƙafarsa.

“Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Ga shi nan na kewaye.”

Injiniya ya duba, ya ga sa hannunsa a ƙarƙashin kuskuren, ransa ya ɓaci. Ya yi masa wankin babban bargo a gaban mutane. Aka tura mota ta karɓo takardu shidan nan, aka tarar an riga an yi waldar bawul ɗin, sai da aka yanke shi, aiki ya tsaya kwana huɗu. Ƙarshen wata aka naɗa wani.

Kuna jira in ce daga baya aka kira shi aka ba shi abin da ya fi? Ba a kira shi ba. Ya ji zafi, ya yi kwana biyu abinci ba ya masa daɗi, sannan ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya koma kan teburinsa yana zane yana raha da Barau.

Bayan shekara ɗaya aka aike shi masana'antar ya auno wani bututu. Ya isa da azahar, ya tarar da ma'aikata bakwai a inuwar tukunyar sun kewaye tire na shinkafa da wake. Suna cikin ci sai bawul ɗin nan na kan tukunya ya buɗe, fuuu, tururi ya tashi sama. Ko ɗaga kai ba su yi ba. Babu wanda ya san shi a cikinsu. Wani dattijo ya matsa ya ce, “Baƙo, bismillah.” Ya ƙirga su da ido, bakwai cif, ya wanke hannu ya zauna. Ya ce bai taɓa cin shinkafa mai daɗin wannan ba.

Jama'a, darasin a fili yake: wanda ya yi kuskure ya bayyana shi tun kafin ya cuci wani, ko da zai rasa abin da yake so, wannan shi ne mai amana. Kai bakanike da ka manta ba ka ɗaure noti ba, kira mai motar yau. Ke mai ba da magani, kai tela, kai magini, kowa ya san abin da ya shafe a ɓoye. Ku je ku faɗa da bakinku tun masu shi suna da rai. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar yin haka.