Rabin Addu'ar da Mama Take Jira

Akwai wani mai yankan gilashi da abokansa suka laƙaba wa suna Sura-da-Aya. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba. Ko sannu ka ce masa, sai ya gaya maka inda aka rubuta ta a Littafi Mai Tsarki.

A gidan 'yan Katolika aka haife shi. Yana ɗan shekara ashirin ya bi maigidan da yake koya masa sana'a zuwa cocin Furotesta, daga nan bai sake komawa cocin Katolika ba. Ba da wasa ya shiga ba, da zuciya ɗaya ya gaskata, har ya zama mai koyar da matasa ranar Lahadi.

Shagonsa yana bakin titi, da ɗakuna biyu a baya, ƙofa ɗaya ce ta haɗa su. Shi kaɗai yake zaune, bai yi aure ba.

Rana ɗaya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifiyarsa. Hannun dama ya saki, ƙafa ta yi nauyi, magana ta ɗauke ɗif. Su biyu ta haifa, shi da yayarsa, wadda take koyarwa a wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Suka yanke shawara Mama ta zauna a wurinsa, tunda babu hawan bene, ga asibiti kusa.

Ranar da aka sallamo ta daga asibiti, Yaya tana jera kaya a ɗakin. Ta fito da zannuwa, ta fito da magunguna. Sai ta fito da wani ɗan mutum-mutumin Maryamu mai shuɗin mayafi, wanda fentin hancinsa ya goge saboda tsufa, ta ajiye a kan taga. Ta ɗora carbin Mama a gefensa.

Ya ce, "Yaya, wannan kam ba a gidana ba."

Ta ce, "Ɗakin Mama ne."

"Gidana ne. Ba a roƙon kowa sai Allah, kuma matsakanci ɗaya ne, Yesu. Maryamu mai albarka ce, ban musa ba. Amma mutum ce kamar ni da ke."

"Wa ya ce maka bauta mata muke yi? Girmamawa ce. Ka taɓa shiga gidan abokinka ka tsallake uwarsa ba gaisuwa? Kai ba ka cewa Fastonku ya sa ka a addu'a?"

"Fasto yana da lambar waya, Yaya. In na kira shi yana ji."

"Ka ji tuzuru! Ko mata ɗaya ba ka iya girmamawa ka ajiye ba, kana yi mana wa'azi a kan uwar Mai Ceto."

Magana ta yi zafi. Ya ce gunki, ta ce ɗan tawaye. Duk wannan a kan tsohuwar suke yi, tana kwance tana bin su da ido. Babu wanda ya dube ta.

Yaya ta mayar da mutum-mutumin da carbin cikin jakarta, ta rungume Mama, ta tafi tasha ba ta yi masa sallama ba. Daga ranar zumuncinsu ya koma saƙon waya. "Ya jikinta?" "Da sauƙi." Shi ke nan.

A faɗi gaskiya, Sura-da-Aya bai yi wasa da jinya ba. Shi ne wanka, shi ne wanki, shi ne ba da abinci cokali-cokali. Yana juya ta kada gefenta ya yi gyambo. Ya yanka madubi ya kafa a bango, daidai inda za ta riƙa hango masu wucewa a titi daga kan gado.

Sai dai gidan ya yi shiru irin wanda bai taɓa sani ba. Da can, zaman kaɗaici bai dame shi ba. Yanzu ga mutum a bayan ƙofa, ga numfashinta yana ji, amma ko "uhm" babu. Matar da in ta kira ka a waya sai kunnenka ya yi zafi, mai ba ka labarin kajin maƙwabta da farashin sabulu kafin ta tambayi lafiyarka.

Yakan shimfiɗa gilashi a kan teburin da ya lulluɓe da tsohon bargo, ya ɗora ma'auni, ya ja abin yanka ƙiiii, ya karya ƙas. Sai ya tsaya ya kasa kunne. Shiru.

Ya karanta mata Zabura, ta saurara. Ya kunna mata waƙoƙin cocinsu, ba ta san ko ɗaya ba. Matasan da yake koyarwa sun zo sau biyu suka yi addu'a da ƙarfi, daga baya kowa ya kama gabansa. Tsofaffin ƙawayenta na coci kuwa labarin abin da ya faru ya kai musu, ba mai son a yi masa wa'azi a bakin ƙofa.

Akwai abu ɗaya da yake gani ya kau da kai. Kullum ƙarfe huɗu na yamma, babban yatsan hannunta na hagu sai ya fara murza na kusa da shi, kamar mai jan abin da babu. Ta dube shi, ta dubi ƙofa. In ta gaji ta juya fuska bango.

Ya ɗauka fushi take yi da shi.

A wata na huɗu ya kai ta wurin wata likita mai koya wa irin waɗannan majinyata magana. Likitar ta ja kujera ta zauna dab da Mama, ta ce, "Mama, mu ƙirga. Ɗaya... biyu... uku..." Ta yi shiru tana jira.

Maƙogwaron tsohuwar ya motsa. "Hhu..."

Sautin farko ke nan cikin wata huɗu.

Likitar ta juyo ta ce masa, "Ka gani? Maganar tana ciki. Abin da baki ya saba maimaitawa shekara da shekaru, shi yake fara dawowa. Amma ba za ta iya farawa da kanta ba, sai an ja mata. Me takan faɗa kullum da ka? Waƙa? Addu'a?"

Ya dubi takalminsa. Ya ce, "Babu wani takamaimai."

"Ka yi tunani, Malam. Watannin farko su ne masu daraja, ga shi mun ci huɗu. In aka bar harshe kwance, yakan saba da kwanciyar."

Ya turo ta a keken marasa lafiya zuwa gida. Ya san amsar tun kafin likitar ta rufe baki. Ya kuma san ƙarya ya yi, shi mai koya wa matasa gaskiya.

Kwana uku yana fama da zuciyarsa. Ya ɓata gilashi biyu, ya yanke yatsa, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo. Rana ta huɗu da hantsi ya kira Yaya.

Ta ɗauka a firgice. "Lafiya? Mama ce?"

Ya kwashe bayanin likita ya gaya mata. Ya ce, "Ki yi mata addu'ar carbin ta waya. Ni zan fita."

Aka gwada. Ya kara mata wayar a kunne, Yaya ta fara daga can. Amma kunnen Mama ya yi nauyi, muryar kuma tana yankewa. Tsohuwar ta gane muryar 'yarta, ta shiga waige-waige tana nemanta a ɗakin. Da ba ta gan ta ba, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Dole ya janye wayar.

Ya fito shago ya zauna a kan benci. Ya ce, "Yaushe za ki zo?"

"Sai an gama jarrabawa. Mako biyar."

"Mako biyar ya yi yawa."

Yaya ta yi ajiyar zuciya. Muryarta ta sauka. "Auta, ka manta yadda ake yi a gidanmu? Addu'ar rabi biyu ce. Baba yake jan rabin farko, mu amsa na biyu. Da ya rasu, ƙawayenta suke ja mata. Shekara arba'in da wani abu, Mama ba ta taɓa farawa ba. Amsawa take yi. Wata huɗun nan jira take a ja mata."

Ya tuna yatsan nan, da kallon ƙofa. Ashe ba fushi ba ne.

Ya ce, "Ba zan iya faɗin abin da ban gaskata ba, Yaya. Ko don Mama."

"To, Sura-da-Aya, rabin farkon daga ina aka ɗauko shi?"

Ya ce, "Gaisuwar mala'ika ce. Sai kuma maganar Alisabatu, 'yar'uwar Maryamu. Na san wannan tun ina yaro. Rabi na biyu ne matsalata, inda ake roƙonta."

"Rabi na biyu ba naka ba ne. Na Mama ne. Wa ya ce ka faɗa?"

Ta ƙara da cewa, "Ni ma na yi laifi. Na kwashe mata kaya don in ƙona maka rai, ban tambaye ta ba."

Ƙarfe huɗu saura kaɗan ya saki labulen shago, ya wanke hannu, ya shiga ya zauna a bakin gado. Yatsan ya riga ya fara motsi. Ya sunkuyar da kai ya ce a ransa, Ubangiji, ka san abin da na gaskata, ka kuma san uwata ce.

Ya matsa kusa da kunnenta. Shekara goma sha takwas rabon da kalmomin su bi ta bakinsa, amma ko ɗaya ba ta ɓace ba.

"A gaishe ki, Maryamu..."

Ya kai ƙarshen rabinsa, ya yi shiru.

Agogon bango yana tafiya. Wata mota ta wuce. Leɓen tsohuwar ya karkace, haƙarƙarinta ya ɗaga.

"Ma... Maryamu... Mai Tsar... ki..."

Muryar ta dishe, kalmomin suna tuntuɓe, wasu ta haɗiye rabinsu. Amma muryarta ce. Ta ja, ta ja, har ta kai "Amin".

Jama'a, ku dubi wannan zama. Maganar da ya shekara goma sha takwas yana jayayya da ita, ita ce ta fito, a cikin muryar da ya fi ƙishirwar ji a duniya. Bai san lokacin da ya kifa goshinsa a kan katifa ba.

Sai ya ji ana taɓa kafaɗarsa. Yatsan ya matsa, kamar ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Ta zuba masa ido tana jira.

Ya sake ja, ta sake amsawa. Wani mai neman gilashin taga ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar shago har ya gaji ya tafi. Da suka kai goma, ya share fuska ya tura wa Yaya saƙo: "Ta yi magana. Sau nawa ake yi ne?"

Amsa ta zo: "Hamsin, Malam. Ka sha ruwa."

Kada ku ɗauka daga nan kowa ya sauya coci. Shi yana nan a nasa, yana koyar da cewa Allah kaɗai ake roƙo. Wasu a cikin 'yan cocinsu da suka ji labari sun ja baya da shi, ba a fahimce shi ba, kuma abin ya yi masa ciwo. Yaya ta zo da carbin bayan jarrabawa, ba su yi awa ɗaya ba suka sake kaurewa da gardama, sai dai wannan karon a shago suka yi ta, ƙofa a rufe. Ta koma, gida ya sake zama na mutum biyu.

Maganar Mama ba ta dawo duka ba. Ta samu "ruwa", ta samu "zafi", ta samu "a'a". Ya tambayi likita ko da an fara tun farko da ta fi haka. Likitar ta ce, "Allah ne ya sani." Wannan amsar yana ɗauke da ita har yau.

Wata rana aiki ya yi masa yawa, ga gilashin ƙofofi shida ana jira kafin a tashi kasuwa. Ƙarfe huɗu ya shiga ya zauna, yana zubo rabinsa kamar mai karanta takardar magani, idonsa a kan agogo. A ta bakwai sai amsa ta tsaya.

Ya ɗago a tsorace. Hannunta na hagu ya damƙi wuyan hannunsa. Ta harare shi irin hararar da ya sani tun yana ɗan shekara biyar. Bakinta ya yi ta kokawa, sannan ta ce:

"A... hankali."

Ba addu'a ba ce, ba ƙirga ba ce. Da shi take. Maganar farko ke nan da ta yi wa ɗanta cikin wata bakwai.

Ya cire agogon daga bango ya kifa shi a kan kujera. Ya ce, "To, Mama. Daga farko."

Darasi: Ka riƙe bangaskiyarka gam, amma kada ka mai da ita bulala a kan wanda ba shi da bakin rama maka. Gardamar Katolika da Furotesta a kan girmama Maryamu ta girmi kakanninmu, ba a bakin gadon mara lafiya za a ƙare ta ba. Kafin ka tsaya jayayya a kan uwar Mai Ceto, waiwaya ka dubi taka uwar, ko tana jiran wani abu daga bakinka. Ka tura wannan labari ga ɗan'uwan da bambancin coci ya raba ku, ko da kai ne za ka fara gaisuwa.