Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Kwamfuta

Duk injin da kamfani ya ƙera, ya ɓoye rabin ƙarfinsa ne saboda matsorata, kuma aikin mai ilimi shi ne ya tono wannan rabin. Wannan ita ce aƙidar wani mutum da aka yi a wani ƙauye kusa da Watari, kuma ya riƙe ta da ikhlasi.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana da ƙane, Kamaruddeen, mai zanen taswirar gine-gine. Da zai tafi hidimar ƙasa kudu, sai ya bar masa kwamfutarsa babba ta kan tebur, wadda da ita yake cin abinci. Ya ce, "Yaya, amana ce. Ka buga wasanka na gem, amma don Allah kar ka taɓa saitin katin."

A cikin kwamfutar akwai wani kati mai fanka biyu, shi ke zana duk hoton da ke fitowa a allo. Ya fi komai tsada a cikinta. Mutumin namu ya ji a intanet cewa ana iya ƙara wa katin gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Masu yin haka suna da ladabi: ka ƙara kaɗan, ka gwada awa guda. In ya tsaya lafiya ka ƙara, in ya yi tuntuɓe ka ja baya. Mutumin namu ya haddace rabin farko na karatun.

A watan sanyi ya yi gwajinsa, lokacin da ake tsoron ruwan alwala. Katin ya ɗauki duk abin da aka ɗora masa. Ribar ita ce ƙarin hoto bakwai a kowace daƙiƙa, abin da ido ba ya rabewa. Amma ya sanar a majalisa, a gaban masu noman tumatir, cewa ya gano lambar gudun da injiniyoyin kamfani suka kasa ganowa.

Sai bazara ta zo. Ɗakin rufin kwano ne, kuma wutar sola ce, ba a samun ta sosai sai rana ta take. Shin lambar da aka samo a sanyi ta san watan Afrilu?

Gargaɗi bai yi ƙaranci ba. Ɗigo-ɗigon kore suka fara yawo a allo. Kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta. Fankokin suka koma ihu har ana ji a tsakar gida. Matarsa Fanna ta leƙo ta ce, "Malam, injin nan fa kuka yake."

Ya ce, "Ba kuka ba ne, aiki ne."

"To ka rage masa aikin mana."

"In rage? Bayan na faɗa a majalisa?"

Kun ji inda ciwon yake. Maballi ɗaya zai danna komai ya koma daidai, amma maballin yana ƙarƙashin girman kansa.

Sai ya tuna yadda ake sanyaya ruwan sha a gona: a naɗe jarka da buhun algarara, a jiƙa, iska ta buga. Dabara ce ta gaskiya, ta shayar da iyayenmu. Ya jiƙa buhu sharkaf, ya lulluɓa wa kwamfutar. Zafin ya sauka da digiri biyar. Ya yi hamdala, ya ƙara wa katin gudu.

Jarka, ya 'yan uwa, ba ta da ramuka a ka. Kwamfuta tana da su. Ana kiran la'asar ɗigo ya sami hanya. Aka ji ɗan ƙara, tas, allo ya yi baƙi, ƙauri ya cika ɗakin.

Ya ɗauke ta zuwa Kano wurin Jaji mai gyara. Jaji ya buɗe, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, a fadama kuke ajiye ta?"

"Zai gyaru?"

"Wannan katin ba gyara yake jira ba, sutura yake jira."

Saura sati uku Kamaruddeen ya dawo, ga aikin zanen wani asibiti an yi masa alkawari. Mutumin namu ya daina zuwa majalisa. Wanda ya tambaya, sai ya ce sola ce ta kawo wuta da ƙarfi.

Darasin a fili yake. Abin da aka ba ka amana ba wurin gwajin basirarka ba ne. Iyakar da ka samo ranar sauƙi ba ita ce iyakarka ba, sai ranar zafi ta sa hannu. Kuma wanda ya ƙi ja da baya taki ɗaya, wani ne zai yi tafiyar a madadinsa. Allah ya tsare mu da cin amana, ya raba mu da ilimin da ya tsaya a rabi.

Mahaifiyarsu, Inna Hure, ba ta san mene ne katin ba. Fanna ce ta yi mata bayani a gindin murhu. Inna tana da raguna biyu da take kiwo tun kaka, tana jiran Babbar Sallah su yi daraja. Ranar kasuwa ta kwance su da kanta, saura wata biyu Sallah. Da ta dawo ta miƙa wa Fanna ƙullin kuɗi a leda, ta ce, "A kai wa mai gyaran. Kar Kamaru ya ji."

Sannan ta ɗauki tsintsiya ta share turken.