Badukun Da Ya Ƙi Datse Gefen Littafi

An yi wani mutum, jama'a, tun zamanin da ake rubuta littafi da hannu. Baduku ne, sunansa Jatau, aikinsa ɗinka gafaka, wato jakar fatar da ake ajiye littafi a ciki. Karatunsa bai taka kara ya karya ba. Dukiyarsa kaf jaki ne guda, mai ɗauko masa fatu daga majema.

Ran nan wani attajiri, Alhaji Sambo, ya kawo masa tsohon littafin waƙoƙin wa'azi da ya gada. Baitoci suna tsakiyar takarda, gefe kuwa cike da ƙananan rubutu, wani a miƙe, wani a karkace, wani da jan tawada. Sharhi ke nan. Duk malamin da littafin ya bi ta hannunsa ya bar bayanin abin da ya gane.

Alhaji ya ce, "Jatau, na sayo gafaka mai ado a wurin fatauci, littafin ya ƙi shiga. Sa wuƙarka ka datse mini wannan jagwalgwalon na gefe."

Jatau ya juya takardun a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, hannun malamai ne fa, ya fi biyar. Bari in ɗinka maka babbar gafaka, kyauta."

"Ba na son taka. In ba ka yankawa, badukai sun yi yawa a kasuwa."

Ku saurara! Bawan Allahn nan ya san kafin la'asar wani zai yanka. Sai ya ce, "To, sayar mini da shi."

Alhaji ya yi dariya, ya waiwaya ya dubi turke. "Ba ni jakin."

Jatau ya kwance igiya ya miƙa.

Matarsa Tabawa ta riƙe baki. "Maigida, jaki sukutum a kan takardar da ba ka iya karantawa? Ai wanda babu zane-zanen nan, kaza ma ta isa ta saye shi!"

Ya ce, "Irin wancan suna da yawa, Tabawa. Wannan in aka yanka, babu allurar da za ta ɗinke shi."

Ya ɗauki littafin ya kai wa Malam Ishaƙa, babban malamin garin, yana zaune cikin ɗalibai. Malam ya daɗe yana karantar da waƙoƙin nan. Ya buɗe, ya bi jan tawada da yatsa. Can sai hawaye. Ya ce, "Shekara talatin ina tsallake wannan baitin don ban gane shi ba, ina jin kunyar faɗa. Ga shi wani ya warware shi tun ba a haife ni ba."

Malam ya tashi daga buzunsa, ya kamo hannun Jatau, da warin jima a rigarsa, ya zaunar da shi a kai. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ko harafi ban rubuta ba. Wuƙa kawai na hana."

Kada ku jira in ce jakin ya dawo. Bai dawo ba! Da ka Jatau ya riƙa ɗauko fatu har ya tsufa, kuma ba a taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Wallahi ina alfahari da mutumin nan kamar kakana ne.

To, ku fa? Kuna zuwa kasuwa, ku ga siririn littafi mai araha, ku ga mai kauri da sharhi, ku ce tsada. Abin da kuke kira tsada, idanun malamai ne suka ƙare a kansa. Wanda ya girmama wahalar magabata, Allah zai girmama shi. Ba a ce ku ba da jaki ba, jama'a. Ku dai sayi mai sharhin, ku karanta har gefe.